Yaƙi Daga Sama A Tafin Hannun Yaro: Dacewar Wasannin Bidiyo Na Jiragen Yaƙi Ga Yaran Birnin Zazzau

Tsakure

Wannan takarda ta tattauna tambayar da iyaye da malaman makaranta suke yi game da wasannin bidiyo na jiragen yaƙi: a bar yaro ya yi, ko a hana shi? Ta duba yadda hukumomin tantance wasanni na Turai da Amurka suke yanke shekarun da suka dace da kowane wasa, sannan ta auna wannan ma'auni da halin da yaran cikin birnin Zariya suke ciki. Matsayin takardar shi ne lambar shekarun da ake liƙa wa wasa ba ta isa hujja a nan ba, domin jini da ashar take aunawa, alhali matsalar wasan jirgin yaƙi tana cikin abin da yake ɓoye wa yaro ne. Takardar ta bambanta wasan da jirgi yake fafatawa da jirgi da wasan da ake luguden wuta a kan mutanen ƙasa, ta kuma yanke wa kowanne hukuncinsa.

Gabatarwa



Yaron da aka haifa a Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma ba ya buƙatar talabijin kafin ya san jirgin sama. Tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen sama a Zariya, kuma ƙananan jiragenta na koyo suna kewaya sararin garin har kunne ya saba da ƙararsu. Soja ma ba baƙo ba ne. Barikin horar da kurata yana nan tun 1924, makarantar soja ta yara kuma tun 1954. Idan aka dawo cikin ganuwa, ranar hawan salla yaro yana kan kafaɗar babansa yake kallon 'yan bindiga suna ɓarin albarushi, 'yan lifida suna wucewa, mahaya suna kai jafi a Ƙofar Fada da masu a hannu. Washegari shi ma zai samo karan dawa ya hau ya ce dokinsa ne, ya saɓa wani karan ya ce bindiga. Ba a taɓa jin dattijon da ya ce wannan ya ɓata tarbiyya ba.

Na kawo wannan ne don a kawar da wata gajeriyar amsa tun da wuri, wato a ce duk wasan da aka ga makami a cikinsa bai halatta ga yaro ba. Al'adarmu ba ta ce haka ba, kuma wanda ya kafa hujjarsa a kan haka, yaran da kansu za su kayar da shi kafin ya rufe baki. Akwai gajeriyar amsa ta biyu, ta masu cewa ai wasa ne kawai, kuma waɗanda suka ƙera shi sun rubuta shekarun da suka dace a jikinsa. A kan wannan ta biyun takardar za ta fi daɗewa, domin ita ce ta fi kama da ilimi, ita ce kuma ta fi yaudarar iyayen da suka yi boko.

An gina takardar a kan nazarin ƙa'idojin hukumomin tantancewa, da duba wasannin kansu, da bitar manyan binciken da aka wallafa, da kuma lura da yadda ake wasan a cikin birni. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, amma hankalinmu ya fi karkata ga 'yan shekara 5 zuwa 15.

Ta ina wasan yake shigowa

Tsarin tantance wasanni na ƙasashen waje an gina shi ne a kan wani zato: uba ko uwa za su shiga kanti, su ɗauki kwali, su karanta lambar shekaru, su biya kuɗi ko su mayar. A cikin birnin Zariya kusan babu wasan da yake isa hannun yaro ta wannan hanya.

Hanya mafi faɗi ita ce wayar hannu, kuma yawanci ba ta yaron ba ce. Ta mahaifiyarsa ce, da take miƙa masa don ta samu ta gama girki, ko ta yayansa da ya bari a caji. Wasan kuma ba daga Play Store aka sauko da shi ba, balle a ga lambar shekarun. Aboki ne ya tura ta Xender, ko mai shagon caji da tura finafinai ya zuba shi cikin katin waya tare da waƙoƙi da fassarar finafinan Indiya. Akwai ma manhajar PPSSPP da take bai wa waya damar buɗe tsofaffin wasannin PSP, irin su Ace Combat X na 2006, kuma fayil ɗin da ake turawa ba ya zuwa da kwali ko gargaɗi.

Sai shagon gem. Ɗaki ne guda, da benci biyu ko uku, da talabijin a jikin bango, da ɗan janareto yana ruri a bakin ƙofa. Ƙwallo ce sarauniya a wurin, bayanta wasannin faɗa da na harbi. Wanda ya biya ne yake zaune, amma abin lura shi ne waɗanda suke tsaye. Bayan kowane saurayi ɗan shekara 16 da yake riƙe da madanni akwai ƙanana huɗu ko biyar da ba su da ko sisi: wani an aike shi niƙa ya ajiye roba a gefen ƙafarsa, wani goyon ƙaninsa aka ba shi ya shigo da shi. Su ne suke ihun "harbe shi, harbe shi". Ko da mai shago zai tambayi shekarun mai wasa, kuma ba ya tambaya, ba wanda zai tambayi shekarun 'yan kallo.

Wasan jirgi ba iri ɗaya ba ne

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a haɗa wasannin a kwando ɗaya. Mafi tsufa shi ne irin 1942 wanda kamfanin Capcom ya fitar a 1984: ɗan ƙaramin jirgi a ƙasan allo, jiragen abokan gaba suna gangarowa daga sama, kai kuma kana kaucewa kana harbi. (Abin mamaki, kamfanin Japan ne ya ƙera wasan, amma ɗan wasa matuƙin Amurka ne da yake kakkaɓo jiragen Japan.) Jikokinsa ne suka cika wayoyi a yau, irin su Sky Force da 1945 Air Force. Zane ne mai launi, ba mutane ake harbi a ciki ba, kuma abin da yake nema wurin yaro saurin ido ne da saurin yatsa.

Na biyu shi ne wanda ɗan wasa yake zama a kujerar matuƙi. Jerin Ace Combat, wanda Namco ya fara a 1995, shi ne fitacce, kuma na bakwai ɗinsa ya fito a 2019. Jiragen na gaskiya ne, ƙasashen da suke yaƙin kuwa ƙirƙirarru ne. War Thunder na kamfanin Gaijin ya fi shi kusa da zahiri, domin jirage da tankokin ƙasashen duniya na ainihi yake amfani da su, kuma da mutane ake fafatawa ta intanet. A nan yaro yana koyon abubuwa na haƙiƙa: karanta taswira, lura da tsawo da gudu, sanin cewa jirgin da ya ɗaga hanci fiye da kima zai rasa iska ya rikito.

Na uku shi ne wanda ya sa aka rubuta wannan takarda. Ɗan wasa ba ya tuƙi, kuma ba wanda yake iya taɓa shi. Yana can sama ne cikin jirgin luguden wuta ko yana sarrafa jirgi marar matuƙi, yana leƙen ƙasa ta kyamarar da take gane zafin jiki. Allon fari da baƙi ne. Mutane fararen ɗigo ne masu motsi. Ka ɗora alama a kansu, ka danna, bayan daƙiƙa biyu ƙura ta tashi, maki ya ƙaru. Wannan salo ya yi suna ne da wani mataki a cikin Call of Duty 4 na 2007, inda ɗan wasa yake harbi daga jirgin AC-130, daga baya kuma aka cika kasuwar waya da ƙananan wasanni da ba su da wani abu sai wannan. Kamanninsa da bidiyon soja na gaske ya kai ga a Nuwamban 2017 ma'aikatar tsaron Rasha ta wallafa wani hoto a matsayin hujja a kan Amurka game da yaƙin Siriya, sai aka gano daga wasan waya na AC-130 aka ciro shi. A 2022 kuma bidiyon da ya karaɗe duniya na wani gwarzon matuƙin Yukiren ya zamana daga wasan kwamfuta na DCS aka ɗauko shi. Idan manya masu jarida da ma'aikatu sun kasa bambancewa, ba adalci ba ne a ɗora wa ɗan shekara 9 wannan nauyi.

Abin da lambar shekaru take aunawa

An kafa hukumar ESRB a Amurka a 1994, bayan zaman da majalisar dattawan ƙasar ta yi a kan wasanni irin su Mortal Kombat. Tarihin haihuwarta ya nuna abin da ya dame ta: jini a allo da tsinke kawuna. Turai ta kafa tata, PEGI, a 2003, da matakan shekara 3, 7, 12, 16 da 18. A tsarin PEGI, wasa yana hawa mataki ne gwargwadon yadda duka ko kisa yake kama da na gaske a jikin mutum, da munin kalaman da ake furtawa, da tsiraici, da ƙwaya, da caca. Tun 2015 Google Play yake amfani da tsarin haɗin gwiwa na IARC, inda wanda ya ƙera wasan da kansa yake cike takardar tambayoyi, na'ura ta fitar da lamba.

To a irin wannan ma'auni wasan jirgi kullum da sauƙi yake tsira. Ace Combat 7 da War Thunder duk 12 aka ba su a Turai, a Amurka kuma matakin matasa, wato daga 13. Dalili a fili yake: ƙarfe ne yake fashewa, ba a ganin gawa. Call of Duty 4 kuwa an kai shi matakin 17 a Amurka, kuma jini da zagin da suke cikin faɗan ƙasa ne suka kai shi can. Da za a cire matakin jirgin a sayar da shi shi kaɗai, kamar yadda masu wasannin waya suka yi, lambar za ta iya sauka ƙasa sosai, alhali shi ne matakin da ake kashe mutane mafi yawa cikin mafi ƙarancin wahala. Ma'aunin bai yi ƙarya ba. Abin da aka ce ya auna shi ya auna. Tambayarmu ce ba a yi masa ba.

A gida kuma, Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja ta 1993, finafinan sinima da na bidiyo ne ainihin aikinta, kuma ko da ta so, ba ta da hanyar shiga tsakanin waya da waya.

Abin da bincike ya nuna

Dole a yi adalci a nan, domin an sha zuzuta batun. Masu bincike sun rabu biyu. Craig Anderson da abokan aikinsa, a babban bitar da suka wallafa a 2010, sun ce wasannin tashin hankali suna ƙara zafin rai suna kuma rage tausayi. Christopher Ferguson, a nasa bitar na 2015, ya ce tasirin ƙanƙane ne ƙwarai idan aka cire sauran dalilai kamar halin gida. Andrew Przybylski da Netta Weinstein sun bincika matasan Birtaniya kimanin 1,000 'yan shekara 14 da 15, suka wallafa a 2019 cewa ba su ga alaƙa tsakanin wasannin da halin faɗa ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa da ƙananan halayen zafin rai, amma a 2020 ta ja kunne cewa ɗora laifin kisa da manyan laifuka a kan wasan bidiyo ba shi da madogara a kimiyya. A ɗaya ɓangaren, Green da Bavelier sun nuna a 2003 cewa wasannin sauri suna kaifafa lura da ido.

Saboda haka duk wanda ya tashi a taro ya ce gem ne ya haifar da sara-suka ko daba, ya faɗi abin da bincike bai goya masa baya ba. Talauci, da zaman banza, da ƙwaya, da 'yan siyasar da suke raba kuɗin ta'addanci sun riga PlayStation zuwa.

Sai dai a lura da abu biyu. Yawancin waɗannan binciken a Amurka da Turai da Japan aka yi su, a kan yaran da yaƙi a wurinsu labarin wata ƙasa ne. Sannan abin da suka fi aunawa shi ne ko yaro zai tashi daga wasa ya mari ɗan'uwansa. Damuwarmu dabam ce. Ba tsoron yaro ya zama mai faɗa muke yi ba. Tsoronmu shi ne irin idon da zai riƙa kallon mutanen da bam ya faɗa wa. Dave Grossman, tsohon hafsan sojan Amurka, ya yi bayani a littafinsa na 1995 cewa nisa yana sauƙaƙa wa mutum kisa: wanda ya soki mutum da wuƙa yana ɗauke da abin har kabarinsa, wanda ya saki bam daga sama kuwa sau da yawa barci yake yi lafiya. Wasan nau'i na uku wannan nisan yake sayarwa a matsayin daɗi.

Tudun Biri

A daren Lahadi, 3 ga Disamba 2023, mutanen Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi suna taron Mauludi, jirgi marar matuƙi na rundunar sojan ƙasa ya sakar musu bam. Waɗanda suka tsira sun ce bayan mutane sun taru suna kwasar 'yan'uwansu aka sake sakin na biyu. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, wasu ƙungiyoyi sun ce adadin ya haura haka, kuma da yawansu mata ne da yara. Rundunar ta amsa cewa kuskure ne, an zaci 'yan bindiga ne. Igabi ƙasar Zazzau ce. Kafin wannan, a 17 ga Janairu 2017, jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce an kashe kimanin mutum 90, har da ma'aikatan agaji.

Ba hukunta kowa ne aikin wannan takarda ba, kuma ba ta manta cewa matuƙanmu suna sayar da ransu ba; a Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin Alpha Jet a yankin Zamfara, matuƙin ya tsira da ƙyar. Abin da takardar take so a gani shi ne wannan: abin da mai sarrafa jirgi marar matuƙi yake kallo a allonsa, wato taron ɗigo masu motsi cikin duhu, shi ne ainihin hoton da wasan nau'i na uku yake ɗora wa yaro a hannu, ya kuma ba shi lada idan ya danna da sauri. A cikin wasan, ɗigon da aka nuna maka kusan kullum maƙiyi ne. Babu mai rabon shinkafar Mauludi, babu yarinyar da ta yi kwalliya ta zo karanta ƙasida. Wasan yana koyar da cewa kallo daga sama ba ya kuskure, alhali mutanen wannan masarauta sun binne shaidar cewa yana yi.

A yi wa Call of Duty 4 adalci: a matakin nasa, idan ka harbi sojojinku ko cocin da aka ce kada a taɓa, ka faɗi. Masu kwaikwayonsa na waya da yawa ko wannan ɗan shingen ba su damu da shi ba.

Akwai kuma yaron da ba a tuna da shi. Rashin tsaro ya koro iyalai daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da Igabi zuwa gidajen 'yan'uwa a gari, kuma tsangayun birni suna karɓar almajirai daga Zamfara da Katsina. A cikin masu tsayuwa bayan benci a shagon gem akwai wanda ya taɓa kwanciya rub da ciki a gona saboda ƙarar jirgi. Lambar 12 da aka buga a Turai ba ta san da shi ba.

Abin da muke da shi a zaure

Birnin da ya yi suna da karatun zaure bai kamata ya jira Turai ta ba shi ma'auni ba. Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamai a nan, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, amma ta halatta tsere da dawaki da raƙuma da gasar harbin kibiya. Fatawa a kan wasan bidiyo aikin malamai ne, ba na wannan takarda ba, sai dai ana iya ganin abin da magabata suka duba: wasan da yake cinye lokaci ya ja zuwa caca sun ƙi shi, wanda yake gina ƙwarewa sun bar shi. Sannan Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa kwamandan rundunar da ya tura Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, da sare itatuwa masu 'ya'ya, da rushe gine-gine. Yaron da yake koyon wannan a Islamiyya da la'asar, da magariba kuma ya samu maki don ya share ƙauye, an ba shi darasi biyu masu karo da juna, kuma na biyun ya fi launi da sauti.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta daɗe tana kiran masu ƙera wasanni su sa dokokin yaƙi a ciki, har ta yi aiki da masu Arma 3 suka fitar da wani ƙari a 2017 wanda yake nuna abin da bama-bamai suke bari a baya ga farar hula.

Lokaci, kuɗi da baƙi

A gidaje da yawa ba abin da ke cikin wasan ne zai fara cutar da yaro ba. Ranar yaron birni a cike take: allo da asuba, boko da hantsi, Islamiyya da yamma, wani har da karatun dare. Awar da gem ya ci, daga barci ya ciro ta ko daga hadda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa guda a gaban allo a yini, kuma a shekarar ta amince da jarabar wasan bidiyo a cikin kundin cututtuka, ga wanda wasan ya rinjayi rayuwarsa har kimanin wata 12. Ƙasar Sin ta kai abin maƙura a 2021, ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa guda a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu.

Wasan da aka ce kyauta ne kuma ba kyauta ba ne. Yana cin data, yana cusa tallace-tallacen da ba wanda ya tace, yana kuma sa yaro a gaba ya sayi jirgi mafi ƙarfi. Wasu suna sayar da akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba. Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018. Wasan intanet kuma yana buɗe hira da mutanen da ba a san ko su wane ne ba, kuma hukumar ESRB da kanta ta ce wannan hira ba ta cikin abin da take tantancewa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye za a karɓi bayanan yaro, amma yaron da ya buɗe asusu da wayar mahaifiyarsa ya rubuta shekara 25 ya riga ya tsallake dokar.

Matsayar takarda

Yaron da bai kai shekara 7 ba, wasan yaƙi kowane iri ne bai dace da shi ba, haka tsayuwa kallo a shagon gem. Daga 7 zuwa 11, nau'in farko mai zane ba shi da laifi, muddin an kashe data, an ƙayyade lokaci, kuma a tsakar gida ake yi inda babba yake gani. Daga 12, ana iya barin yaro ya yi wasan jirgi da jirgi irin Ace Combat. War Thunder da makamantansa na intanet kuwa sai an rufe hira an kuma cire katin banki daga wayar. Nau'i na uku, na luguden wuta a kan mutane daga sama, bai dace da yaro ba ko wace lamba aka rubuta masa, kuma ga yaron da ya fito daga yankin da ake rikici, ko kallonsa bai kamata a bari ya yi ba. Uban da bai iya Turanci ba ba ya buƙatar karanta komai don ya gane shi: ya karɓi wayar ya kalli minti biyar, idan ya ga mutane a ƙasa kuma ba su iya ramawa, ya goge.

Hani kaɗai ba zai yi ba, domin yaron da yake son jirgi son gaske yake yi, kuma a garin da ake horar da matuƙa wannan so jari ne. Wasannin koyon tuƙi da babu harbi a ciki suna nan, Microsoft Flight Simulator tun 1982 yake, kuma akwai irinsa a waya. Ina kira ga kwalejin jiragen sama ta Zariya ta riƙa buɗe ƙofarta ga 'yan firamare da Islamiyyun cikin ganuwa su ga jirgi da na'urar koyon tuƙi da idonsu. Ina kira ga sassan ilimi da na nazarin halayya da na aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello su tura ɗalibansu cikin birni su auna wannan lamari a kan yaranmu, da Hausa, har da almajirai da 'yan gudun hijira. Masu unguwanni kuma su zauna da masu shagunan gem a yi yarjejeniya a rubuce: ba yaro a shago lokacin makaranta, ba ƙaramin yaro bayan isha'i, kuma wasan luguden wuta daga sama a cire shi daga na'urar da yara suke zama a gabanta.